Taku Ɗari Biyu Babu Gilashi

Jama'a, yau kam sai kun yi min uzuri, don abin da zan ba ku labari ni ce marar gaskiya a cikinsa, kuma na sani. Masu rubuto min "ki faɗa masa mana, ki faɗa masa mana," duk na ga saƙonninku. Faɗar ce ba wuya a bakin wanda ba shi zai yi ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da bakwai, aikina buga takardu a kwamfuta a wani shago da ke bakin babban titi, kuma tun ina aji huɗu na firamare nake sa gilashi. Ba irin na 'yan gayu ba. Nawa kaurinsa kamar gindin kofin shayi, idan na sa shi idanuna su koma 'yan mitsi-mitsi. Idan kuwa na cire, duk abin da ya wuce tafin hannu ɗaya daga hancina dishi-dishi nake ganinsa. Mutum ya tashi daga mutum ya koma kalar kayan da ke jikinsa.

Wanda bai taɓa sa shi ba ba zai gane wahalarsa ba. Ki buɗe tukunya, tururi ya rufe ki, ki tsaya da ludayi a hannu kina jira duniya ta dawo. Ruwan sama ya sauko, kowa na gudu, ke kina lalube. Ki ɗaura mayafi ya danne miki ƙarfen a bayan kunne, kafin azahar kanki na sarawa. Ki ɗauki ɗan mutane, hannunsa mai maiƙo ya tafi kai tsaye kan gilashin. Ki kwanta da waya a gefe ɗaya, ya karkace. Da safe kuma ki tashi kina neman gilashi, alhali sai da gilashi ake ganin gilashi. Ga tabo biyu da yake bari a karan hanci, ga sunan da aka laƙa min tun makaranta, Ido Huɗu, wanda har yau wasu ke kirana da shi a gaban mazajensu suna dariya. Na gwada wanda ake mannawa a ƙwayar ido, kwana uku idona ya yi jawur yana ruwa, likita ya ce in haƙura.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ya kawo matsala Goggo ce, yayar Abbana, wadda ke zaune a gidanmu tun da mijinta ya rasu. Shekara biyu da suka wuce wani ya fito nemana, magana ta yi nisa, sai danginsa suka aiko ana tambaya wai ciwon idon nan ana gadonsa? Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Ni na yi kukana na share. Goggo ce ba ta share ba.

Ranar bikin kammala karatun ƙanwata Auta, ana shirin ɗaukar hoto, Goggo ta miƙo hannu ta zare min gilashi daga fuska ta jefa a jakarta.

"Goggo, ba na gani fa."

"Me za ki gani? Ke za a gani. Tsaya kyam ki yi murmushi."

A ranar Dogo ya gan ni. Auta ce ta sa masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, yana da shagonsa, yana da natsuwa, ba ya magana biyu. Ya karɓi lambata ta hannun yayan ƙawar Auta, kuma saƙonsa na farko har yau yana wayata: "Salamu alaikum. Ni ne wanda kika kalla kika ƙi yi wa murmushi." Ni kuwa ban ma san akwai mutum a wurin ba.

Da Goggo ta ji zai fara zuwa gida, ta kafa doka. Duk ranar da zai zo, gilashi ya shiga durowa, a shafa hoda a rufe tabon hanci.

"Sai an ɗaura, sannan ya ga ko gilashin mota kike sawa," in ji ta. "An yi mana ɗaya, ba za a yi mana biyu ba."

Na kalli Umma. Umma ta kalli farcenta. Haka take idan Goggo na magana, shekara talatin ke nan.

Ba zan ɗora wa Goggo duka ba. Ni ma na ji daɗi. Karo na farko a rayuwata namiji ya ce min idona na da kyau, na kwana ina juya maganar. Yana kirana Sakatariya, ina jin sunan har cikin raina. Na ce bari in bari sai wani sati in faɗa masa, sati ya zama wata, wata ya zama huɗu.

Sai ga wata sabuwa. Ranar da ya kai ni in gaida mahaifiyarsa, muna shan kwana na gane layin, duk da dishi-dishin da nake gani. Layin da nake bi kullum ne daga inda bas ke sauke ni zuwa shagonmu. Akwai wata hanyar, amma zagaye ce ta kusan rabin awa, kuma Oganmu ƙarfe takwas yake tsayawa a bakin ƙofa yana kallon agogo. Mama, mahaifiyar tasa, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe hannuna tana tambayar mutanen gida. Dogo ya ce ciwon gwiwa ya hana ta fita, ko bakin get ba ta cika zuwa ba. Duk da haka na ce a raina layin nan cike yake da idon da ya san su.

Don haka na tsara abina. Idan na iso wurin mai facin taya da ke bakin layin, sai in cire gilashi in sa a jaka. In miƙe ta gefen hagu, taku ɗari biyu cif, na ƙirga, har kantin magani da ke ɗaya bakin, sannan in mayar. Na haddace inda kwata take, na haddace ramin da ke tsakiya. Sau ɗaya na yi wa wata jarkar ruwa sannu, sau ɗaya kuma mai babur ya kusa kwashe ni ya bi ni da zagi. Na ce ba komai, na ɗan lokaci ne.

Abin da ban sani ba, likita ya ce wa Mama zaman ya isa, ta riƙa taka ƙafa kowace safiya. Ita da wata maƙwabciyarta suka fara zagaya layin, daidai lokacin da nake wucewa.

Satin da ya wuce na lura saƙon Dogo ya canza. Mutumin da ke turo min "Sakatariya, an tashi lafiya? Kar a buga wa mutane takarda a juye," ya koma "Ina kwana." Ranar Alhamis da yamma ina yanka albasa a kicin, gilashi na zamewa kan hancina saboda zufa, waya ta yi ƙara. Goggo na zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa.

"Ina son in tambaye ki wani abu," ya ce, ko Sakatariyar babu. "Kina bin layinmu da safe?"

Na ajiye wuƙar. "Me ya faru?"

"Mama ta ce sau uku kina wuce ta ba ki gaishe ta ba. Na farko ta ce ƙila sauri kike. Na biyu ta ɗaga miki hannu. Na uku tana tare da maƙwabciyarmu, har ta ce mata ga surukata nan tafe, bari ki ga yarinya mai hankali. Ta ce kin kalle ta ido cikin ido, kin tsuke fuska, kin wuce."

Tsuke fuskar nan na san ta. Haka nake ƙanƙance ido idan ina son in gane abin da ke gabana mutum ne ko turken wuta.

"Me ya sa ba ta kira ni ba?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, don wauta.

"Uwata ce za ta kira ki ki gaishe ta?" ya ce. "Ta ce koren mayafi, da baƙar jaka. Ke ce?"

Goggo ta riga ta taso ta manna kunnenta a bayan wayar. Ta zaro ido tana kaɗa min yatsa, tana motsa baki ba sauti: ba ke ba ce, ba ke ba ce.

"Ba ni ba ce," na ce.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Na ji ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Na san ba za ki yi haka ba. Yi haƙuri da na tambaya."

Ya ba ni haƙuri, jama'a. Shi ya ba ni haƙuri. Na ajiye waya na ci gaba da yanka albasa, na gode Allah da akwai abin da zan ɗora wa hawayen.

Goggo ta koma kujerarta tana gyara ɗaurin kallabi. "Shi ke nan an wuce wurin. Koren mayafi ai ba ke kaɗai aka saƙa wa ba. Gobe ki ba Auta shi, ki riƙa bin zagaye."

Ban yi barcin kirki ba kwana biyu. Ranar Asabar ina shago ina buga wa wani takardar neman aiki, saƙo ya shigo. Na ɗaga gilashi sama na kawo wayar kusa da hanci kamar yadda na saba.

"Na faɗa wa Mama ba ke ba ce. Ta ce idonta bai mutu ba. Na rantse mata, har murya ta ɗan ɗagu. Tun jiya ba ta amsa gaisuwata, kuma ta ce a dakatar da maganar zuwan su Kawu gidanku neman aure. Kar ki damu, za ta huce. Ina tare da ke."

Na karanta sau huɗu. Mai takarda na tsaye a kaina yana cewa Hajiya sauri nake. Na buga masa, na miƙa, na shiga bayi na kulle ƙofa. A nan na tsaya gaban ɗan madubin da ke jikin bango na kalli kaina da gilashina, na ce ke, kin sa ɗa ya ƙaryata uwarsa a kan abin da ta gani da idonta. Na ɓoye ciwon ido don kar a ce ina da aibi, ga shi na sayo sunan marar tarbiyya, na haɗa da na maƙaryaciya. Ciwon ido ba ni na ɗora wa kaina ba. Waɗannan biyun kuwa da hannuna na ɗauko su, kuma na rantse ba zan kai su gidan miji ba, ko da gidan mijin zai rushe.

Lahadi da hantsi na yi wanka na sa doguwar rigata ruwan toka. Na shiga ɗakin Auta na zaro koren mayafin daga ƙarƙashin filonta, na rataya baƙar jakar. Hoda ko kallonta ban yi ba. Na fito falo da gilashi a fuskata.

Auta na kwance a doguwar kujera tana danna waya. Ta ɗago ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Yaya, kin yi shigar mai laifi sak. Ina zuwa?"

"Gidan su Dogo."

Goggo ta fito daga ɗaki kamar an jefo ta. "Da wannan abin a fuskarki? Da wannan mayafin? Kin haukace ne?"

"Goggo, zan je in faɗa musu gaskiya."

"Gaskiyar me? Ita gaskiyar ce za ta aure ki? Shekara ashirin da bakwai! Sa'o'inki na kai 'ya'ya makaranta. Na farko ya gudu kina gani, yanzu za ki kori na biyu da ƙafarki. Wallahi idan kika fita ƙofar nan, babu ruwana da maganar aurenki."

"To Goggo, ki yi haƙuri. Na gode da duk abin da kika yi, na san don ni kika yi. Amma zan je."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannu. Ni ma ban koma ba. Sai na ji Umma a bayana tana yi wa Goggo magana.

"Yaya, ba ta hanya."

Duk muka juya. Umma ta tako har gabana, ta zare gilashin daga fuskata. Na ɗauka ita ma durowa za ta kai shi. Sai na ji ta hura masa iska, ta goge da bakin zanenta, ta mayar min a hankali, ta gyara mayafin ta bayan kunne don kar ya danne ƙarfen.

"Ni na kai ta asibiti aka yanka mata shi tana 'yar shekara tara," ta ce wa Goggo, ba tare da ta kalle ta ba. "Ranar ta ce min, Umma, ashe bishiya ganye ɗai-ɗai ne da ita. Je ki, Allah Ya tsare."

Goggo ta matsa, tana cewa za mu gani.

Da na sauka daga bas na iso wurin mai faci, hannuna ya tafi fuskata da kansa. Na mayar da shi. Na shiga layin da idona huɗu, na ga abubuwan da na manta da su: shagon tela, bishiyar da ke gaban wani gida, yara na buga ƙwallo. Get ɗin su Dogo ma ashe shuɗi ne, ni baƙi na riƙe.

Na yi sallama na tura ƙaramar ƙofa. Tun daga nan na hango Mama a baranda, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan ƙaramin tebur, wata dattijuwa na gefenta da faranti a cinya tana tsintar wake. Ban jira na ƙarasa ba, daga bakin get na fara gaisuwa.

"Mama, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Ba ta amsa ba. Ta kalli mayafin, ta kalli jakar, sannan idonta ya tsaya a fuskata. Dattijuwar ta fara tattara farantinta za ta tashi.

"Don Allah Baba ki zauna," na ce. "A gabanki na yi laifin."

Na durƙusa a gaban Mama. Duk abin da na tsara a bas ya gudu, sai na faɗe shi yadda ya zo.

"Mama, ni ce. Sau ukun duk ni ce, ba ki yi kuskure ba. Ba na gani sai da wannan. Na ɓoye muku ne don tsoron kar ku fasa, kullum idan zan shigo layin nan sai in cire shi. Wallahi ban gan ki ba. Da na gan ki, ko a tsakiyar titi ne sai na durƙusa. Ki yafe min."

Ina jin ƙarar wake na zuba a faranti, sai ta tsaya.

"Miƙo tabarau ɗin," Mama ta ce.

Na cire na miƙa wa inda nake jin muryarta. Can na ji ta ce, "Innalillahi! Ƙasa ta taso min. Ke, karɓi ki gani."

"A'a, ni da hawan jini," in ji maƙwabciyar. "Yarinya, yatsa nawa na ɗaga?"

"Baba, ban ma ga hannun ba."

"Kai! Allah sarki. Mu muna nan muna ta cin namanki."

Mama ta sa min gilashin a tafin hannu. Na mayar, fuskarta ta dawo. Ba ta murmushi, amma fushin ya sauka.

"Da wannan idon kike ratsa layin nan, da masu baburan nan marasa hankali? Don a aure ki?"

Na sunkuyar da kai.

"Ana gadonsa?"

Ga tambayar nan dai ta sake zuwa. Na ɗago na kalle ta. "Likita ya ce ana iya gada, ana iya ƙin gada. Ba zan ce miki a'a ba, Mama."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta shafa gwiwarta. "Wannan ma wurin uwata na gada, kuma an aure ni. Tashi ki zauna, gaisuwa na yafe. Tawa mai sauƙi ce." Ta ɗan juya kai wajen ƙofar falo. "Amma akwai wanda shekara talatin da biyu bai taɓa ɗaga min murya ba sai a kanki. Ya kama sunan Allah ya rantse min ba ke ba ce. Da shi za ki yi."

Na juya. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafa ƙyauren, da alama tun farkon maganar yake wurin. Na ga komai tar: jijiyar da ta tashi a gefen kansa, idonsa da ya kaɗa, yadda ya cije leɓe. Ban taɓa sanin haka fuskarsa take ba idan an ɓata masa rai, kuma ni na ɓata.

Ya tako ya durƙusa gaban Mama tukuna. "Mama, ki yafe min." Ta dafa kansa. Sannan ya miƙe ya kalle ni.

"Na tambaye ki," ya ce a hankali. "Sau biyu na tambaye ki."

"Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Ba wanda zan ɗora wa. Ga ni."

Zufa ta sa gilashin ya zamo kan hancina. Na ɗaga hannu zan gyara, shi kuwa ya ɗauka cirewa zan yi.

"Bar shi," ya ce, ya nufi get ya buɗe ƙaramar ƙofar ya tsaya yana jirana. "Taso mu je waje. Ina so ki ga fuskata da kyau idan ina faɗa miki abin da na yanke."

Na tura gilashina sama, na miƙe, na bi bayansa.